Yadda ake gano matsalar tukunyar tatsar man ƙamshi a gida, a kuma gyara ta

Ranar da na fara haɗa tukunyar tatsar mai a tsakar gidanmu da ke unguwar Aboabo a Kumasi, wani dattijo maƙwabcinmu ya leƙo, ya ga bututun tagulla a nannaɗe cikin bokiti, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ba dai giyar akpeteshie aka fara dafawa a gidan Musulmi ba?" Na ce, "Baba, matso ka shinshina." Ya shinshina ya ji kanumfari, ya yi dariya, ya ce in an samu a sam masa na ciwon haƙori. Ba a samu ba. Awa huɗu ina fifita wuta, abin da na tara wani farin ruwa ne kamar an ɗauraye kwanon koko, ga ƙauri ya cika gida.

Yayata ce ta jefa ni cikin wannan aiki. Tana haɗa humra da sabulu, kullum ta dawo daga kasuwar Kejetia sai ta yi kukan tsadar man ƙamshi, ta ce, "Kai da ka yi kimiyya, me karatun naka ya tsinana mana?" Daga ranar zuwa yau na ƙona kanumfari, na fasa kwalba, na zubar da mai da hannuna ban sani ba. Abin da na fahimta shi ne, tukunya tana nuna ciwonta tun kafin aiki ya lalace. Wuta, ruwan sanyaya da mahaɗar bututu su ne suka fi ɓata aiki, kuma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya za ka kama mai laifin.

Sai ka san abin da ke faruwa a ciki tukuna

Man kanumfari, wanda mafi yawansa sinadarin yujinol ne, ba ya tafasa shi kaɗai sai zafi ya kai wajen digiri 254 a ma'aunin Salsiyos. Limonin, wato babban sinadarin man ɓawon lemu, yana tafasa a 176. Sitiral na ciyawar shayi, wadda wasu ke kira lemun giras, yana kusa da 229. Da za ka kai ganye wannan zafin, gawayi zai zama. Dabarar ita ce, idan ruwa da man da ba ya gauraya da shi suka haɗu a tukunya ɗaya, tare suke tashi a zafin da bai kai digiri 100 ba. Tururin ruwa ya ɗauko man, ya bi bututu, ya tarar da sanyi, ya koma ruwa, ya ɗiga a kwalba, man ya rabu. Duk wata matsala da za ka gani, ɗaya daga cikin matakan nan ne ya samu tangarɗa.

Ko kayan gilashi kake da su irin na ɗakin gwaji, ko tukunyar fresha ce, wato mai murfin da ke kulle tururi, aka yi mata bututu, hanyar bincike ɗaya ce. Ni da tukunyar fresha na fara, maƙera a Suame Magazine, unguwar masu aikin ƙarfe a Kumasi, suka nannaɗe mini tagullar. In za ka ba da aikin, ka ce kada a yi like da dalma, domin tururi zai bi ta wurin ya ɗauko guba zuwa abin da za a shafa a jiki. Tukunya kuma ta sitenles ce ta fi. Baƙin ƙarfe yana sa man kanumfari ya yi duhu.

Mataki na farko: gwaji da ruwa zalla

Kafin ka zuba ganye ko ƙwaya ɗaya, haɗa komai ka tafasa ruwa kawai. Yawancin mutane suna tsallake wannan, ni ma na tsallake shi, shi ya sa na yi asarar kanumfarin Yaya.

Zuba lita ɗaya daidai, ka tatso rabinta, ka kashe wuta, ka bari ya huce, ka auna abin da ya rage a tukunya da wanda ya ɗiga. In jimillar ta yi kusa da lita, kayanka lafiya. In kofi guda ya ɓace, tururi na tsiyaya ta wani wuri. Ɗauki ƙaramin madubi ko cokali mai sanyi ka bi kowace mahaɗa da shi yayin da ruwa ke tafasa. Inda ya yi raɓa, nan ne ƙofar. A kayan ƙarfe, naɗa farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo a kan zare, ko ka kwaɓa fulawa da ruwa ya yi tauri ka shafe bakin murfi, zafi zai gasa ta ta kama, kamar yadda ake toshe bakin madambaci. A kayan gilashi, wanke mahaɗar, ka busar, ka duba ko yashi ya maƙale, ka sa ɗan giris kaɗan a saman mahaɗar kawai, sannan ka ɗaure da maƙalli.

Amma ƙarshen bututu, inda ruwa ke ɗiga, ba a toshe shi. Dole iska ta samu hanyar fita. Tukunyar da aka rufe ruf aka ɗora a wuta fashewa take yi. In tukunyar fresha ce, ka cire nauyin nan na saman murfi ka haɗa bututunka a wurin, ka bar ƙaramar mafitar gaggawa yadda take, kuma kafin kowane aiki ka hura bututun da baki ka ji iska ta fita ɗaya ɓangaren.

A wannan gwajin ne kuma za ka san gaskiyar ma'aunin zafinka. Tsoma shi a ruwan ƙanƙara, ya kamata ya nuna sifili. A ruwa mai tafasa, a nan Kumasi zai nuna wajen 99, domin garin yana kan tudu kimanin mita 250 sama da teku; a Accra zai fi kusa da 100. Kada ka ga 99 ka ƙara wuta kana neman 100, ba zai je ba.

In ruwa na tafasa amma ba abin da ke ɗiga

Taɓa bututu da bayan hannu a hankali, daga tukunya zuwa sama. Za ka ji inda zafi ya tsaya. In ya tsaya a wuya, tururin yana komawa ruwa tun bai kai gangara ba, yana zuba cikin tukunya. Wannan ya fi faruwa da asuba a lokacin hunturu, ko in kana aiki inda iska ke kaɗawa. Naɗe wuyan da tsohon tawul ko auduga, ka rufe da takardar alminiyom, ka kare iska da kwano. Tsumman ya yi nesa da harshen wuta. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, ba sai ka ƙara gawayi ba.

In ma'aunin zafi na nuna 70 ko 80 alhali ruwa na ɗiga sosai, wurin da ka sa shi ne ba daidai ba. Kan ma'aunin ya kamata ya zauna dab da ƙasan bakin bututun da ke tafiya gefe, yadda duk tururin da zai fita sai ya wanke shi. In ya yi sama, zai nuna ƙasa da gaskiya. In ya nutse cikin ruwa ko ya taɓa gindin tukunya, wani abu daban yake aunawa. A tatsar tururi, lambar za ta zauna tsakanin 97 da 99 har ka gama. In ta fara sauka wuta na ci, ruwa ya kusa ƙarewa. Kashe nan take.

In tururi na fita ta ƙarshen bututu

A nan ne mai ya fi ɓacewa, kuma abin yaudara ne, domin lokacin ne gida ke cika da ƙamshi. Yaya ta taɓa fitowa daga ɗaki tana cewa, "Kai, yau aiki ya yi kyau, har soro ana jin lemu." Na ce, "Yaya, ai wanda kike ji ɗin shi ne wanda ba za mu samu a kwalba ba." Ruwan da ke ɗiga ya kamata ya fito da sanyi, ko ɗumi kaɗan. In yana ƙona yatsa, sanyaya ta kasa.

Duba tiyo tukuna. A kwandensar gilashi, wato bututun sanyaya tururi mai rigar gilashi a waje da ruwan sanyi ke bi ta cikinta, irin wadda ake kira da sunan Liebig, masanin kimiyyar nan Bajamushe, ruwan sanyi yana shiga ta ƙasa ya fita ta sama. In ka juya su, ruwa zai bi gefe ɗaya ya gangara, rabin rigar ya zauna da iska. Kumfar iska babba a cikin rigar alama ce ta haka. A bututun tagulla na cikin bokiti, duba ko kowane zagaye yana gangarawa. In wani zagaye ya ɗan tashi sama, ruwa zai taru a wurin ya tare hanya, sai ka ji bututu na tari yana tofar da ruwa lokaci-lokaci. Miƙar da shi da hannu bayan ya huce.

Sai lissafin da ban taɓa yi ba sai da na sha wuya. Kilo ɗaya na tururi in zai koma ruwa yana sakin zafi kimanin kilojul 2,260. Wannan ya isa ya ɗaga bokitin lita 20 da kusan digiri 27, ban da zafin da ruwan ke saki yana hucewa. Ruwan famfo a watan Maris ba sanyi ne da shi ba tun asali, to kafin ka tatso lita ɗaya bokitinka ya zama ruwan wanka. Kilo ɗaya na ƙanƙara kuwa kilojul 334 yake sha kafin ya narke. Ke nan in da ledojin fiya wata da aka daskarar za ka dogara, lita ɗaya za ta cinye maka fiye da leda goma. Shi ya sa na koma durom. Ruwa mai yawa ya fi ƙanƙara kaɗan. Ruwan zafi yana taruwa a sama, saboda haka ka riƙa kwashe na saman, ka zuba sabo ta tiyo ko mazurari har gindin durom. Wanda ka kwashe ba asara ba ne, ya yi wanki.

Masu kayan gilashi suna sa ƙaramin famfon akwatin kifi ya riƙa zagaya ruwa. Yana aiki, amma ka tanadi abin yi in an ɗauke wuta, domin dumsor, wato ɗauke wutar Gana, ba ya sallama. Famfo ya tsaya, gas na ci, cikin 'yan mintuna tururi ya fara fita. Ni ina ajiye jarka cike a kan tebur sama da kwandensa, da tiyo a haɗe, in wuta ta tafi sai in buɗe ta ruwa ya gangaro da kansa.

In duk wannan daidai yake amma tururi na fita, wutarka ce ta yi yawa. A ƙananan kayan gilashi, ɗigo ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa ya isa. Kurfoti na da wuyar saiti. Gas ko murhun lantarki ya fi biyayya. In dole sai gawayi, a waje za ka yi, kada a cikin ɗaki, saboda iskarsa mai kisa ba ta da wari.

In tukunya na bugawa ko tana amai

Wani lokaci ruwa ya yi shiru kamar ba wuta, sai kwatsam ya yi tsalle ya watsa cikin bututu. Gilashi mai santsi ba ya ba kumfa wurin farawa, ruwa ya wuce zafin tafasa bai tafasa ba, sannan ya tashi gaba ɗaya. Maganinsa 'yan gutsattsarin tukunyar ƙasa da aka wanke aka busar, guda uku ko huɗu, kowane kamar ƙwayar masara. Tun ruwa na da sanyi ake jefa su. Kada ka kuskura ka jefa a ruwan da ya riga ya yi zafi, a fuskarka zai tashi. In ka manta, kashe wuta, jira ya huce. In ka tsayar da aiki ka dawo, sa sababbi, domin tsofaffin sun sha ruwa sun daina aiki.

Kumfa kuma daban ce. Ɓawon lemu ya fi kowa yin ta, musamman in farin cikin ya yi yawa, saboda yauƙin da ke cikinsa. A nan mun yi sa'a: masu sayar da lemu a bakin titi suna fere koren saman siriri su bar farin a jikin lemun, kuma a koren nan man yake. Ka roƙi mai lemu ta tara maka na ranar, ka tatsa a ranar. In ya kwana biyu a leda ya fara tsami, in ya bushe a rana mai ya tafi. Kada kayan da ruwa su wuce rabin tukunya, in an matsa kashi biyu cikin uku. Kada ka niƙa ya zama kunu. In ruwan da ya ɗiga ya fito da launin ganye ko rawaya mai kauri, tukunya ta yi amai cikin bututu. Kashe, wanke bututun, mayar da ruwan tukunya, ka sake da ƙaramar wuta.

In akwai ƙauri

Ganye ya taɓa gindin tukunya ya yi ƙanzo, ko ruwa ya ƙone. Man da ya ɗauki ƙauri ba ya gyaruwa, sai dai a sa shi a sabulun wanki. Raba ganye da gindi: kifa kwanon sitenles mai ɓula, ko ka sa rariya a kan ƙafafu uku, ruwa a ƙasa, ganye a sama, kamar dambu. Daga gwajinka na farko ka san nawa tukunyarka ke tatsowa a awa, to zuba ruwan da ya ninka abin da kake son tatsa, kada ka taɓa bari ta bushe.

Akwai wani wari da ba ƙauri ba, kamar na dafaffen ganye, da sabon mai ke fitowa da shi. Wannan yana tafiya da kansa in ka bar kwalbar kwana biyu zuwa uku a inuwa da tsumma mai tsabta a baki maimakon murfi.

In ruwa ya ɗiga amma ba ka ga mai ba

Kafin ka zargi tukunya, duba abin da kake tsammani. Kilo guda na ɗanyar ciyawar shayi 'yan mililita yake bayarwa, in ka samu cokalin shayi guda ka gode Allah. Wanda ya zuba dunƙule ɗaya a ƙaramar kwalba ba zai ga komai ba sai ɗan maiƙo a sama. Citta busasshiya tana ba da kashi ɗaya zuwa uku cikin ɗari, kuma man nata ƙamshi ne kawai, yajin ba ya bin tururi. Kanumfari shi ne mai albarka, mai kyau yana ɗauke da kashi 15 cikin ɗari ko fiye, shi ya sa nake ba mai koyo shawarar ya fara da shi. Latsa ƙwaya ɗaya da farce a kasuwa. In maiƙo bai fito ba, ya tsufa, kada ka saya.

Sannan ka san inda za ka nemi man. Na lemu da na ciyawar shayi suna tasowa sama. Na kanumfari ya fi ruwa nauyi kaɗan, ƙasa yake kwanciya. Kuskurena na ranar farko ke nan. Na leƙa saman kwalba ban ga komai ba, na tuttular da ruwan a kwata, alhali ɗigo-ɗigon man yana gindi. Kwalba doguwa mai siririn wuya ta fi kwano, domin a kwano man shimfiɗewa yake ya manne a gefe. In ka samu na'urar Clevenger, wadda aka fito da ita tun 1928, tana tara man a siririn bututu tana mayar da ruwa tukunya, sai dai iri biyu ce, ta mai mara nauyi da ta mai nauyi, ka tambaya kafin ka biya.

Farin ruwan nan kamar madara, man ne ya farfashe ƙanana ya ƙi haɗuwa. Alama ce mai kyau: muddin ɗigo na fitowa fari, akwai sauran mai a tukunya. Tari ɗigo kaɗan a ƙaramin kofin gilashi lokaci-lokaci, in ya fito garau ka gama. Domin raba su, zuba gishiri ka kaɗa a hankali har ya daina narkewa, wajen giram 35 a kowane mililita 100, ka bar shi ya kwana. Ka lura, ruwan gishiri ya fi man kanumfari nauyi, saboda haka wannan karon sama zai taso. Zuƙe shi da sirinjin gilashi ko ɗan bututun ɗigo. In kana son ruwan ƙamshin don humra ko fesa ɗaki, ware rabonsa kafin ka sa gishiri. Wanda ba gishiri kuma za ka iya mayar da shi tukunya a zubi na gaba, domin yujinol na ɗan narkewa a ruwa, kuma ruwan da ya riga ya ƙoshi ba zai sake sha maka mai ba.

Yadda ka shirya ganye ma yana da tasiri. Ciyawar shayi ka bar ta ta yi yaushi a inuwa kwana ɗaya ko biyu, ka yanka gajeru. Kanumfari ka daddaka shi sama-sama a turmi dab da zubawa. Wajen cusawa, danna gefe-gefe ya zauna daidai. In ka bar rami, tururi zai bi ta nan ya wuce ya bar sauran ganyen ko ɗumi bai yi ba; bayan ka sauke, tona ka gani, za ka tarar da wuraren da suka rage kore shar. In kuma ka danne kamar buhun gari, hanya ta toshe.

Wajen kashewa da adanawa

Kada bakin bututu ya nutse cikin ruwan da ka tara. Da ka kashe wuta tururin ciki zai koma ruwa, tukunya ta zuƙo abin da ke kwalba ta mayar ciki, kuma ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi tsagewa ne. Janye kwalbar tukuna, sannan ka kashe, ka bar ruwan sanyaya na gudana har tururi ya ɗauke.

In mai ya yi hazo, ruwa ne ya rage a ciki. Ɗan garin sodiyom salfet busasshe, wanda masu sayar da kayan ɗakin gwaji ke da shi, zai tsotse shi; zuba kaɗan, girgiza, jira, ka tsiyaye. Adana a kwalbar gilashi mai duhu, a cike, nesa da rana. Roba ba ta yi: ɗiga man lemu a kan farin kwanon tek-awe na soso ka ga yadda zai ɓula shi. Man lemu na kama wuta a zafin da bai wuce digiri 50 ba, kada ka juye shi kusa da murhu. Na kanumfari zalla yana ƙona fata da dasashi, sai an sirka shi da man kwakwa ko makamancinsa, kuma a ɗaga shi inda yara ba sa kai wa. Fetur, tina da sauran masu saurin kama wuta ba a ɗora su a wannan tukunya ko da gwaji. In kuma sayarwa za ka yi a cikin sabulu ko man shafawa, dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ɗora rajistar kayan kwalliya a hannun Hukumar Abinci da Magunguna ta Gana, ka je ka yi kafin ka kai kasuwa.

Bututun tagulla in ya yi kore a ciki, zuba ruwan lemun tsami da gishiri, bar shi ɗan lokaci, ɗauraye sosai, ka sake tura tururin ruwa zalla minti goma. Haka ma in za ka canja daga kanumfari zuwa lemu, in ba haka ba duk abin da ka tatsa har wata guda kanumfari zai riƙa yi. Mahaɗar gilashi kuma ka raba ta tun da sauran ɗumi. In ta riga ta cije, kada ka murɗa da ƙarfi. Zuba ruwan zafi a kan ta waje kaɗai na ɗan lokaci, naɗe hannu da tawul mai kauri, ka ɗan ƙwanƙwasa gefe da muciya, sannan ka juya a hankali. In ta ƙi, jiƙa ta a ruwan sabulu ta kwana, gobe ka sake gwadawa.